Ina iyakar riƙon addini da tsattsauran ra'ayi a kan haƙƙin mata?

Ummu Hanifa:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Duk lokacin da aka tayar da zancen haƙƙin mata Musulmi, sai a rabu gida biyu. Wasu su ce makircin Turawa ne kawai, wasu su ce ai addinin ne da kansa ya danne mace. Ni kuwa abin da nake son ganewa daban ne. Idan aka ce wata ƙungiya ko gwamnati tana da tsattsauran ra'ayi, da wane ma'auni ake gane hakan, tunda su ma aya da hadisi suke jawowa? Kuma ta wace ƙofa cutarwar take shigowa rayuwar mace a aikace? Don Allah a ba ni misalai tabbatattu, ba zage-zage ba.

Malam Abu Sumayya:

Wa alaikumus salam Malama. Tambayarki ta yi kyau, domin jawo aya kaɗai bai isa ya wanke mutum ba. Khawarijawa ma da Alƙur'ani suka fito wa Sayyidina Aliyu.

Ma'aunin farko shi ne a duba yadda mutum yake mu'amala da saɓanin malamai. Mai riƙon addini zai zaɓi ra'ayin da ya fi gamsar da shi, ko da shi ne mafi tsanani, ya ɗora wa kansa. Mai tsattsauran ra'ayi zai ɗauki wannan ra'ayi guda, ya ce ijma'i ne, ya ɓoye sauran, sannan ya sa bulala a bayansa. Ɗauki misalin muharrami a tafiya. Hadisan da suka hana mace tafiya ba muharrami ingantattu ne, amma nisan da aka ambata a cikinsu ya bambanta: wata riwaya kwana uku, wata kwana biyu, wata yini da dare. Wannan ya sa malamai suka yi ta bincike a kan dalilin hanin. Malikiyya da Shafi'iyya sun halatta wa mace ta tafi hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga ko da babu muharrami. Akwai kuma hadisin Adiyyu ɗan Hatim a Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya yi bushara da lokacin da mace za ta taso daga Hira ta zo ta yi ɗawafi ba ta tsoron kowa sai Allah. To a ƙarshen 2021 gwamnatin Taliban a Afganistan ta kafa doka cewa mace ba za ta yi tafiyar da ta wuce kilomita 72 ba sai da muharrami, direba kuma kada ya ɗauke ta. Mas'alar da malamai suka bari da faɗi ta koma shingen bincike a kan titi. Matar da mijinta ya rasu a yaƙi, ba ta da ɗa babba, ba ta da ɗan'uwa kusa, ita ce dokar ta fara ci, kuma irinsu suna da yawa a ƙasar da ta shafe shekara 40 tana yaƙi.

Na biyu, kuma a ganina nan ne gizo yake saƙa: ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wadda malamai ke kira saddu zari'a. Ƙa'ida ce ta gaskiya a usulu, musamman a wajen Malikiyya, amma tana da sharuɗɗa. Dole ɓarnar da ake gudu ta zama mai yawan aukuwa, ba zato ba, kuma kada toshewar ta haifar da ɓarnar da ta fi wadda ake gudu. Idan aka cire waɗannan sharuɗɗa, babu halal ɗin da zai tsira. Makaranta tana iya kai wa ga fitina, a rufe. Kasuwa, a rufe. Masallaci ma, a rufe. Wannan tunani ba sabo ba ne. A Sahihu Muslim, Abdullahi ɗan Umar ya karanta hadisin da ya hana a hana mata zuwa masallaci, sai ɗansa Bilal ya rantse cewa sai sun hana su. Uban ya juyo ya yi masa faɗan da mai riwayar ya ce bai taɓa jin ya yi irinsa ba, don yana faɗa masa maganar Annabi shi kuma yana kawo nasa ganin. Za ki ji ana kafa hujja da maganar Nana A'isha cewa da Annabi ya ga abin da mata suka ƙirƙiro da ya hana su. Maganar ta inganta, sai dai malamai sun amsa tun tuni cewa bai gani ba kuma bai hana ba, hukunci yana nan yadda ya bar shi.

Na uku shi ne a tambaya: ina mace za ta kai kuka? Alƙur'ani ya buɗe Suratul Mujadala da matar da ta zo tana jayayya da Annabi a kan abin da mijinta ya yi mata, kuma aka saukar da hukunci saboda ita. Duk tsarin da ya mai da ƙorafin mace rashin kunya ko tawaye, to ya bar hanya, komai tsawon rawanin mai shi.

Ga wanda yake ganin ilimin mata baƙon abu ne, ya koma ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A littafinsa Nurul Albab ya caccaki malaman da suke karantar da almajirai a waje, suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji, wato matan da ke jagorantar karatun, ke zuwa su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka. Kwatanta wannan da waɗanda suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a watan Afrilun 2014, da 110 daga Dapchi a Fabrairun 2018, suna cewa jihadi suke.

Hajiya Ungozoma:

Malam ya yi bayanin asali, Allah ya ƙara ilimi. Zan ɗauki ɓangare guda kawai, na lafiya, domin a nan ne ake ganin yadda dokoki ke cin karo da juna har su kashe mutum.

A bi jerin abin da ya faru a Afganistan. Taliban sun shiga Kabul ranar 15 ga Agustan 2021. Wata guda bayan haka aka rufe ma'aikatar harkokin mata, aka mai da gininta ofishin umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. A watan Maris na 2022 'yan mata sun sa kayan makaranta sun tafi sakandare bisa alkawarin da aka yi, aka kora su gida a ranar. Tun daga nan karatun 'ya mace ya tsaya a aji shida. A Disambar 2022 aka hana su jami'a, kwana kaɗan bayan haka aka hana su aiki da ƙungiyoyin agaji. A Agustan 2024 aka fitar da dokar da ta hana a ji muryar mace a bainar jama'a. A Disambar 2024 aka rufe musu makarantun koyon aikin jinya da ungozoma, wanda shi ne ɗan abin da ya rage.

Yanzu a haɗa lissafin. A gefe guda ana ƙyamar likita namiji ya duba mace, a wurare da dama ma ba a yarda ba sai da muharrami a tsaye. A ɗaya gefen an toshe hanyar samar da likita mace. Horar da ungozoma yana cin shekara 2 zuwa 3 bayan sakandare, likita kuwa 6 ko 7, ƙwararriyar likitar mata ta ƙara wasu shekarun a kai. Ba famfo ba ne da za a murɗa gobe ruwa ya zo. Kowace shekara da aka yi makaranta a rufe, ajin ma'aikatan lafiya guda ne ya ɓace, alhali waɗanda ke bakin aiki suna tsufa, wasu suna barin ƙasar. Ko yau aka buɗe, giɓin zai bi al'umma fiye da shekara goma.

Ga yadda abin yake a ɗakin haihuwa. Mace ta haihu a gida da dare, mahaifa ta ƙi tsukewa, jini ya ɓalle. Irin wannan zubar jini yana iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu. Maganinsa sananne ne kuma ba tsada: a murza mara, a yi allurar oxytocin, a duba ko guntun mabiyiya ya maƙale, in ya ƙi tsayawa a garzaya inda ake ƙarin jini. Amma kowane mataki yana buƙatar hannun da ya koya. Masu aikin lafiya suna maganar jinkiri iri uku da ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Dokar muharrami tana tsawaita na farko da na biyu, domin za a zauna jiran namiji. Rufe makarantu yana tsawaita na uku, domin an isa amma babu mai karɓa. Haka abin yake ga jijjigar masu ciki, haka ga doguwar naƙuda da ke barin yarinya da yoyon fitsari, musamman wadda aka aurar ƙugunta bai gama ƙosawa ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar, kuma samar da masu duba mata farali ne na kifaya, wato wajibin da ke kan al'umma duka har sai wasu sun ɗauke shi. Sahabiya Rufaida tana da hemar jinya a masallacin Annabi. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ce suna fita yaƙi suna shayar da mutane suna jinyar masu rauni. Shi ya sa da aka hana mata jami'a, ba Turawa kaɗai suka yi magana ba. Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, ya fito ya ce matakin ya saɓa wa shari'a, Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta nemi a janye, Saudiyya da Ƙatar da Turkiyya duk sun yi tir.

Barista Abu Ammar:

Ni zan shiga ta ƙofar kotu, 'yar'uwa, domin ba sai an ɗauki bindiga ake zaluntar mace da sunan addini ba. Wani lokaci alƙalami ya isa.

Babban kuskuren da aka maimaita a ƙasashe da dama shi ne cuɗa fyaɗe da zina a doka guda. Shaidu huɗu da Suratun Nur ta shar'anta an sa su ne don kare mutuncin wanda ake tuhuma, shi ya sa wanda ya yi zargi bai kawo su ba ake masa bulala 80 ta ƙazafi. Da Janar Ziya'ul Haƙ ya kafa dokokin haddi a Pakistan a 1979, sai aka ɗora wannan nauyi a kan macen da ta kawo ƙarar fyaɗe. In ta kasa tabbatarwa, ƙararta ta zama tamkar iƙirari, cikin da ke jikinta ya zama shaida a kanta, shi kuwa ya yi musu ya tafi. A 1983 an yanke wa wata makauniya 'yar aiki ɗauri da bulala ta wannan hanya, waɗanda ta zarga suka fita, sai da kotun shari'a ta tarayya ta soke hukuncin. Ba a gyara dokar ba sai 2006, da aka mai da fyaɗe ƙarƙashin dokar manyan laifuka inda ake karɓar shaidar likita da sauran alamomi. Shekara 27 kenan mata suna zaman kurkuku a kan wannan kuskure.

Ɗaukar ciki a matsayin hujjar zina ra'ayin Malikiyya ne, Hanafiyya da Shafi'iyya ba su yarda da shi ba. Amma Malikiyyar da ta kawo shi ita ce ta kawo kwantaccen ciki, cewa ciki na iya daɗewa har shekara biyar, don haka bazawarar da ta haihu cikin wannan wa'adi ana jingina ɗan ga tsohon mijinta. Mai gaggawar haddi yakan ɗauki rabin farko ya bar na biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke hukuncin jifa da aka yanke wa wata mata a watan Satumban 2003 da irin waɗannan dalilai: ba a kama matar tana aikatawa ba, tana da damar janye iƙirarinta, alƙali ɗaya ne ya zauna maimakon uku, ga kuma kwantaccen ciki. Duk hujjojin daga cikin fiƙihu suka fito. Ƙa'idar ita ce a tunkuɗe haddi da shubuha.

Sai rabuwar aure, inda aka fi yin kitso da ƙwarƙwata. Ana gaya wa mace saki a hannun miji yake, sai haƙuri. Ba a gaya mata cewa tana da ƙofofi:

Kul'i, kamar yadda matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta yi. Ba ta zarge shi da rashin addini ko mugun hali ba, ta ce ba za ta iya zama ba, Annabi ya ce ta mayar masa da gonarsa. Masar ta mai da wannan doka a 2000: mace ta mayar da sadaki, ta yafe haƙƙoƙinta na kuɗi, a gwada sulhu na wata uku, in ya faskara alƙali ya raba ko miji bai so ba, kuma renon yara da ciyar da su ba ya cikin abin da ake yafewa. Inda abin ke lalacewa a kotuna da yawa shi ne a bar miji ya yanka farashin da ya san ba za ta iya biya ba, ya lissafo har kuɗin biki, ko a ce sai ta bar masa yaran.

Raba aure saboda cutarwa, ko rashin ciyarwa, ko ɓacewar miji. A nan Malikiyya ta fi kowa sauƙaƙa wa mace, har Indiya ta aro waɗannan dalilai a dokarta ta 1939 don ceto matan da tsananin Hanafiyya ya ɗaure. Wadda aka cutar ba kul'i ya kamata ta nema ba, domin ba ta da abin biya. Da yawa suna asarar sadakinsu don ba su san bambancin ba. Abin da take buƙata shi ne hujja: takardar asibiti mai kwanan wata ranar da aka doke ta, hoton raunin, maƙwabta biyu da suka ji ko suka gani, saƙonnin waya, da lissafin watannin da ba a ba ta abinci ba.

Sharaɗi tun ranar ɗaurin aure. Mace na iya sa a rubuta cewa za ta ci gaba da karatu ko aiki, ko a mallaka mata ikon sakin kanta idan aka karya sharaɗin. Hanbaliyya ce ta fi ƙarfafa cika irin wannan. A takardar auren Pakistan akwai gurbi na 18 da aka tanada musamman don mallaka mata ikon sakin kanta, amma sau da yawa dangi ko mai ɗaura auren su ja layi a kansa ba tare da an tambayi amarya ba. Sharaɗin baki a gaban waliyyai ba ya zuwa ko'ina ranar rigima. A rubuta, shaidu su sa hannu, ta riƙe kwafinta a wajen da ba gidan mijin ba.

Abu Mus'ab:

Na karanta duka, kuma ban musa abin da aka kawo ba. Sai dai ina jin tsoron wannan kalma ta tsattsauran ra'ayi, domin an mai da ita kashin kaji da ake shafa wa kowa. Mace ta sa niƙabi da son ranta, a ce an danne ta. Faransa ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati a 2004, ta hana rufe fuska a titi da dokar 2010. Wannan ba tauye haƙƙin Musulma ba ne? Me ya sa ba a lissafa shi? Kuma Barista, kai da kake yabon Malikiyya, ai ita ce ta ba uba ikon ijbari, wato aurar da 'yarsa budurwa ko ba ta yarda ba.

Malam Abu Sumayya:

Ɗan'uwa Abu Mus'ab, ka yi gaskiya a duka biyun. Ɗalibar da aka tsayar a bakin makaranta don ta rufe kanta an tauye ta, kamar yadda matan Turkiyya suka sha fama shekara da shekaru kafin a ɗage hanin ga ma'aikatan gwamnati a 2013. Wadda 'yan sandan ɗa'a suka kama a Tehran a kan ɗaurin ɗankwali a Satumban 2022 ta mutu a hannunsu, ita ma an tauye ta, kuma nata ya fi muni don rai ne. Zaluncin wancan ba ya wanke wannan. Mai niƙabi da zaɓinta ba ta cikin zancenmu ko kaɗan.

Batun ijbari yana nan a littattafanmu, ba za mu ɓoye ba. Amma ga hadisin Khansa'u 'yar Khizam a Bukhari, wadda ubanta ya aurar ba ta so, Annabi ya warware auren. Ita bazawara ce, shi ya sa Malikiyya suka taƙaita hukuncin ga bazawara, amma hadisin neman izinin budurwa ma yana cikin Bukhari da Muslim. Hanafiyya sun ce baliga mai hankali ba a tilasta ta, tana ma iya ɗaura wa kanta aure. Ibnu Taimiyya, wanda masu tsanani suka fi jingina da shi, ya rinjayar da cewa uba ba shi da ikon tilasta baliga. Kuma ko a Malikiyya ijbari yana faɗuwa idan auren cutarwa ne gare ta, alƙali na iya shiga.

Shugaba yana da ikon zaɓar ra'ayin da ya fi maslaha daga cikin mazhabobi, ya mai da shi doka. Maroko ƙasar Malikiyya ce, amma a dokar iyali ta 2004 ta kai shekarun aure 18, ta ba baliga damar ɗaura aurenta, ta sa ƙarin aure da saki su bi ta gaban alƙali. Dokar ta bar wa alƙalai ƙofar ba da izinin auren ƙasa da 18, kuma an yi ta shiga ta wannan ƙofa har aka dawo ana neman a sake gyara. A Indonesiya malamai mata sun yi babban taronsu na farko a Cirebon a 2017, suka fitar da fatawa a kan wajabcin hana auren yara idan yana cutarwa, bayan shekara biyu majalisa ta ɗaga shekarun auren mace daga 16 zuwa 19.

Barista Abu Ammar:

Ƙari kaɗan ga Malama Ummu Hanifa, tunda kin nemi abin aikace. Idan aka ce miki addini ya hana mace kaza, ki nemi a gaya miki nassin da inda yake, ki tambaya ko mazhabobi huɗu sun haɗu a kai, sannan ki tambaya wa aka ba ikon zartarwa, domin ko abin da ya tabbata laifi ba kowa ke da ikon hukunta shi ba, sai alƙali bayan shari'a. Wa, ko ƙane, ko matasan unguwa da ke dukan mace a kan tufafinta, su ne masu laifin da za a gurfanar.

Sai gado da idda, waɗanda ba mu taɓa ba. Rabon mace a Suratun Nisa'i ya haɗa da gida da gona da hannun jari, ba kayan ɗaki kaɗai ba. Idan 'yan'uwa maza suka ce za su riƙe mata, ta nemi a ƙiyasta dukiyar a gaban kotu, a rubuta kasonta da sunanta, ko da ba za a raba yanzu ba. Wadda aka saka saki na kome kuwa, ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta, kuma ci da sha da wurin kwana suna kan mijin har idda ta cika. In ya kore ta, tana iya neman kuɗin waɗannan watanni a kotu, tare da kuɗin ciyar da yaran da ke hannunta.